Fari da Wake, Shanun da Kuka Zuba a Dara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Maharazu ɗan Badamasi, manomi, mutumin Yalwa a ƙasar Rano, wanda 'yan kasuwar Kibiya suka fi sani da Maharazu na dara. Ina faɗar wannan magana cikin hankalina, ba zazzaɓi, ba gigin tsufa, ba wanda ya matsa min. Ƙafafuna ne suka gaji, numfashina ya gajarta, likita kuma ya yi ta kewaye-kewaye a maganarsa har na gane abin da yake jin nauyin faɗa. Amma kai yana nan daram. Mai shakka ya tambayi abokina Ramalan na Kibiya. Da ya zo duba ni ran nan, aka tona mana gidajen dara a bakin tabarmata, na cinye shi ina kishingiɗe. Ga shi nan zaune a matsayin shaida, shi da limaminmu Malam Ishiyaku, kuma bai musa ba. Ya dai ce tausayin marar lafiya ya ji.

Autata Afra'u, malamar makaranta, ita ke rubutawa. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana ta mai da ita irin ta masu karanta labarai a rediyo. Yadda na faɗa haka za ta sa.

Da ku huɗu nake. Yayarku ta Kibiya, 'yar farina, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba kuma ba yau zan fara ba, Afra'u ta rubuta shi da kanta: Juwairiyya. Sai Amiru, sai Sagiru, sai ita mai rubutun. Da kuma mahaifiyarku Fanta, wadda ke bayan labule tana saurare tana cewa wake take tsincewa.

Na ɗaya. Ku tsai da salla a kan lokacinta, ku ji tsoron Allah a ɓoye da sarari. Abin da mahaifina ya bar min ke nan, ban ƙara masa komai ba. In Allah ya karɓi abinsa kada a jira kowa. A wanke ni, Malam Ishiyaku ya sallace ni, a kai ni kusa da mahaifina. Kada ku kafa rumfa kuna dafe-dafe. Wanda ya zo ya yi min addu'a, a ba shi ruwa mai sanyi, ya koma harkarsa.

Na biyu. Ban san bashin kowa a kaina ba. In wani ya zo da hujja ku sallame shi kafin a taɓa gado. Ramalan zai ce yana bina wasa ɗaya na ramuwa. Wannan ba bashi ba ne, buri ne, kada ku kula shi.

Na uku. Gado Allah ya riga ya raba shi, ni ba ni da bakin magana a ciki. Gida, da gonar tudu, da fadamar Lausu, da awaki, Malam Ishiyaku zai raba muku yadda shari'a ta ce, mace da namiji kowa ya karɓi nasa a hannunsa. Ban yarda a ce wa mata su bar nasu a wurin maza ana juya musu ba. Roƙona ɗaya a nan: duk wanda ɗakin mahaifiyarku ya faɗa a rabonsa, ya bar ta a ciki har ƙarshen ranta. Ta saba da inuwar dalbejiyar nan, kuma in aka kai ta wani wuri ba za ta bar kowa ya huta ba. Abu biyu na ware, zan zo kansu a ƙasa: garma da karkiyarta, da kuma jakar darata.

Na huɗu. Yanzu na zo kan abin da ya sa na tara mutane. Amiru da Sagiru, ku biyun kun san labarin, amma kowa da yadda yake ba da shi, don haka ku ji nawa.

Shekarun baya, da gwiwata ta fara gaya min huɗar hannu ta ƙare min, na je rugar Kawu, Bafillatanin nan na bayan Lausu, na sayo maruƙa biyu sa'annin juna. Ɗaya fari fat, ɗaya mai ɗige-ɗige, yara suka sa musu Fari da Wake. Na ba Amiru Fari, na ba Sagiru Wake, na riƙe garma da karkiya a wurina. Mahaifiyarku ta ce me zai hana in ba mutum ɗaya duka biyun, ɗayan in nema masa wani abu. Na ce mata ta bari, da gangan na yi.

Wanda bai taɓa horar da shanun huɗa ba yana ɗauka sa duk sa ne. Ba haka ba ne. Tun suna ƙanana ake ɗaura musu karkiya su ja gungume, kowa da gefensa, kuma gefen da sa ya koya shi ne nasa har ya tsufa. Fari na dama ne, Wake na hagu. Fari mai gaggawa ne, kullum so yake ya riga kowa kai ƙarshen kunya. Wake mai nawa ne, sai ya tsaya ya shinshina ƙasa ya yi tunanin duniya. Ban ce sun yi kama da kowa ba. In aka haɗa su, gaggawar wannan da nawar wancan sai su ba da tafiya ɗaya, kunya ta fito a miƙe har mutum ya tsaya kallo. Amiru a bayan garma, Sagiru a gaba da igiya. Da farkon damina mutane har layi suke a ƙofar gidan nan suna neman ku yi musu huɗa. Ina zaune a kan dakali ina jin ana cewa 'ya'yan Maharazu, ina yi kamar ban ji ba, alhali daɗi kamar ya kashe ni.

Sai ranin bara, a inuwar durumin mai shayi. Sagiru da abokansa suna lido, suna kaɗa ɗan abin nan mai ɗige-ɗige a kofi. Amiru ya zo wucewa ya ce lido wasan waɗanda ba sa son wahalar da kansu ne, ko akuya aka koya wa kaɗa kofi za ta ci. Sagiru ya ce ai dara ma sa'a ce, tsofaffi ne kawai suka naɗa mata rawani. Amiru ya ce in sa'a ce ya zauna ya gwada tasa. Aka tona gidaje. Wani ya ce a sa kofin shayi. Wani ya ce shayi ai na yara ne. Wannan ya zuga, wancan ya ƙara, kafin mai shayi ya tace ganye an kai ga shanu: kowa ya sa nasa, wanda ya ci ya haɗa biyun. Amiru ya ci.

Washegari ya ɗauki igiya ya tafi gidan ƙaninsa kwance Wake. Ashe Sagiru ya riga ya je wurin Malam Ishiyaku tun da aka sallame asuba. Ya tare yayansa a ƙofar gida, gaban matansu da maƙwabta, ya ce, "Yaya, caca ce, Malam ya ce haramun ce. Ba zan ba ka ba, don kada in jefa ka wuta." Amiru ya ce dara ba caca ba ce, ƙwaƙwalwa ce, kuma namiji ba ya janye maganar da ya yi a gaban jama'a. Ya naɗe igiyarsa ya juya. Tun daga ranar ko gaisuwa sai ta dole a masallaci, matanku sun daina aron gishiri a tsakaninsu, jikokina suna haɗuwa a ɗakin kakarsu a sace.

Abin da ya faru da damina kuwa, duk Yalwa ta sha kallo. Amiru ya aro wani sa ya haɗa da Fari. Fari ya dube shi sau ɗaya, ya ja garma shi kaɗai, ya bar baƙon yana bin baya, kunya ta fito kamar sawun maciji. Sagiru ya aro nasa, bai tambaya ba, ashe shi ma na hagu ne. Shanu biyu kowa yana neman hagu, suka yi ta zagaye gona da shi har ya zauna a ƙasa. A ƙarshe ku da ake layi a ƙofarku, ku kuka shiga layin wasu, kuka yi shuka a makare. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na yi ta yi har tari ya sarƙe ni, daga baya na shiga ɗaki raina ya ɓaci.

Yanzu ga bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa ta gabas, kuma yayarku ta kawo min labarin cewa Amiru ya yi magana da dillali a kasuwar Kibiya. Zai kai Fari kafin ruwa ya sauka, wai sa ɗaya ci kawai yake ba ya aiki. Sa mai tozo irin na Fari, wanda ba ya haɗuwa da kowane sa, ba manomi ne zai saye shi ba, mahauta ne. Ranar da wuƙa ta hau wuyan Fari maganarku ta ƙare, na san ku. Sagiru ba zai yafe ba, Amiru ba zai roƙa ba, 'ya'yanku su tashi su gaji gabar da ba su san tushenta ba. Wannan ne abin da ke damuna, ba ciwon ƙirjin nan ba. Ina tsoron in tafi in bar ku a haka.

Na biyar. Tunda a kan sa'a da gwaninta gardamarku ta faro, ku bari wanda ya ƙarar da wanduna a bakin dara ya yi magana.

Lido sa'a ce, a nan Amiru ya yi gaskiya. Akwai 'yar dabara wajen zaɓen ɗan da za ka motsa, amma in shida ta ƙi fitowa, ko kai wane ne kana gida a zaune. Dara kuwa babu abin kaɗawa, babu abin ɓoyewa. Gidaje ne a ƙasa, kai da karanka, shi da tsakuwarsa, komai a gaban idon kowa. In ka jera uku ka ɗauke masa ɗa. Wanda ya fi hangen nesa shi ke ci, kuma in gwani ya zauna da ɗan koyo tun safe har yamma, ɗan koyo ba zai ga komai ba sai ƙura. Amma Sagiru ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sa'a tana leƙo dara ta taga. Akwai ranar da abokin wasanka ya fito da faɗan gida a ransa, akwai ranar da rana ke dukan idonsa. Na taɓa cinye wani gwani da ya zo daga nesa takanas don ni, mutumin da ya fi ni iyawa, saboda kudan zuma ya shiga rigarsa ana tsakiyar wasa. Har yau ana ba da labarin a Kibiya, ba a sa kudan zuman a ciki, ni kuma ban ga dalilin tsawaita labari ba.

Sai dai duk wannan gardamar, a kan maganar shanu, aikin banza ce. Ga yadda na sani.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano mun yi murna ƙwarai. Amma ba a jima ba raɗe-raɗi ya bazu a ƙauyuka cewa dara ma za a hana. Tsofaffi suka dinga share gidajen dara da ƙafa in sun hango mai gemu riƙe da littafi. Ni da Ramalan a lokacin muna da al'ada: duk ran kasuwar Kibiya, in na sayar da abin da na kawo, sai mu zauna bayan rumfar masu hatsi, wanda aka ci ya sayi goro. Ramalan ya sayi goro a duniya har mai goro yana miƙewa tsaye in ya hango shi. Muka ce da ɓuya gara tambaya. Muka zo wurin Malam Ishiyaku, lokacin gemunsa baƙi ne wuluk. Na shirya hujjata tsaf, irin ta Amiru sak: dara tunani ce, ba kaɗa ƙwaya ba ce, don haka goron da na ci guminna ne.

Malam ya bari na gama. Ya ce malamai sun yi maganganu a kan wasanni, sun fi tsanantawa ga na kaɗa ƙwaya, na tunani kuma sun saɓa, wasu sun ƙi shi, wasu sun sassauta in bai hana salla ba, bai jawo zagi da rantse-rantse ba. Sannan ya tambaye ni, goron nan daga aljihun wa yake fita? Na ce na wanda aka ci. Ya ce to magana ta ƙare. Duk inda mutum biyu suka zuba, kowa yana iya samu yana iya rasawa, ɗaya ya tashi da kayan ɗaya ba ciniki ba kyauta, caca ce, ko da ƙwaƙwalwa aka ci ko da ƙwaya. Iyawa tana nuna wanda zai ci ne kawai, ba ta halatta abin da aka ci. Na ce Malam, goro ne fa. Ya ce ya sani, amma wata rana wani zai ga goro ya yi kaɗan. Ga shi nan zaune, yana sunkuyar da kai don kada a ce ya ji daɗin cikar maganarsa.

Ramalan, wanda ya fi kowa amfana da wannan fatawa, shi ya kawo mafita. Ya ce kowa ya sayi goro kafin a zauna, ya miƙa wa ɗan'uwansa, sannan a fara. Haka muke yi har yau, kuma wasan bai rage daɗi ba ko kaɗan, sai ma Ramalan ya daina zargina da motsa tsakuwa da gefen riga. Malam ya ƙara mana abu ɗaya a ranar: in wani na gefe ya sa kyauta daga nasa, masu gasar ba su zuba komai ba, babu wanda zai tashi da asara, wannan ba caca ba ce. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Na shida. Kowa ya ji nasa.

Amiru, Wake ba naka ba ne, bai taɓa zama naka ba, ko da ka ci Sagiru ne da ido a rufe. Balle ma ba haka ka ci ba. Bayan abin ya faru na kira waɗanda suka kalla, suka jera min wasan a ƙasa iya abin da suka tuna. Wallahi kunyar da na ji ta wasan ta kusa kai ta cacar. Ka bar gefenka a buɗe tun wajen zubi, abin da na hana ka tun kana ɗan yaro. Sagiru yana da uku a gaban hancinsa, motsi ɗaya ya rage, sai mai shayi ya ƙara muryar rediyo ana sanar da ƙwallo, ya juya kai, da ya dawo ya taɓa wani ɗan daban. Wannan kake kira gwaninta? Mai shayi ne ya ci maka. Maganar kuma da kake cewa namiji ba ya janyewa, alkawarin saɓo ba a cika shi. Jama'ar da kake jin kunya su suka zuga ku a inuwar durumi, kuma su ne suka hau kan kunya suna muku dariya da damina. Na hana ka kai Fari kasuwa. Ka je ka ba dillali haƙuri.

Sagiru, ka yi daidai da ka riƙe Wake, amma sauke kafaɗarka. Gidan Malam Ishiyaku bai tashi daga inda yake ba, yana nan tun kafin ka zauna a bakin darar. Sai da aka ci ka ka tuna hanya. Da kai ka ci, na san da tuni Fari yana turkenka kana cewa rabo ne daga Allah. Kuma ba hana san ne ya fi ƙona wa yayanka rai ba, wa'azin da ka yi masa ne a ƙofar gida gaban mata. Gaskiya ka faɗa, amma ka faɗe ta don ka rama. A kan wannan kai ke da ban haƙuri.

Ku kuma 'ya'yana mata, na gode muku. Na san yayarku ta yi ta zarya tsakanin Kibiya da Yalwa a motar haya tana lallashin wannan tana lallashin wancan, har mijinta ya fara tambaya ko ta koma sana'ar direba ne. Allah ya saka mata. Kada ku gaji.

Na bakwai. A kan jikokina. Yanzu caca ta tashi daga bayan kasuwa ta shiga waya. Yaro zai zauna yana lissafin ƙungiyoyin ƙwallon Turai, ya ce shi ai bincike yake, ilimi ne ba sa'a ba. Hujjata ce ta gaban Malam, hujjar Amiru ce ta ƙofar gida, ta canza riga kawai. Lokacin zaɓe ma na ga manya masu furfura suna sa buhun masara da babur a kan wanda zai ci kujera, a wayi gari wanda aka zaɓa yana birni, su kuma suna gaba a ƙauye. Kada ku hana yara wasa. Ku koya musu dara, ku bar maza su yi langa, mata su yi carabke. Kakarsu ta ce a zamaninta ba a kama ta a carabke, ni dai ban gani ba. Su ci, a ci su, su koyi tashi suna dariya, in an kira salla su bar komai a inda yake. Amma ko ƙwayar gyaɗa kada a zuba.

Na takwas. Garma da karkiya na fitar da su daga cikin sulusin da Allah ya ba ni ikon yin wasiyya da shi, na mai da su wakafi. Ba naku ba ne balle ku raba. Za su zauna a hannun Malam Ishiyaku. Duk farkon damina a fara yi wa gwauraye da tsofaffin unguwar nan huɗa da su, waɗanda ba su da mai yi musu, ladan ya isko ni da iyayena. Bayan nan wanda ya yi wannan aikin ya yi nasa da su. Sharaɗina shi ne, muddin Fari da Wake suna raye, karkiyar nan ba ta hawa wuyan wani sa. A wuyansu aka sassaƙa ta, ta lotsa daidai tozonsu, Kawu ma da ya gani ya ce ba za ta zauna wa wasu ba.

Na tara, kuma na ƙarshe. Jakar dara.

Kun san ta, jakar fatar nan da ke rataye a kan gadona. Karan cikinta ba kara ba ne, itacen kanya ne mahaifina ya fere da wuƙarsa. Tsakuwoyin shi ya tsinto su a rafi, hannunsa da nawa suka goge su har suna sheƙi. A kasuwa ba za ta sayi mudun gero ba. Amma na ga yadda kowannenku ke satar kallonta in ya zo gaishe ni. Amiru yana ganin tasa ce don shi ne ɗan dara. Sagiru yana ganin tasa ce don shi ke ɗaukar min ita zuwa Kibiya. Kowa yana jira ya ji sunansa.

To ba zan kira sunan kowa ba. Gasa na sa, ni ne na gefe mai ba da kyauta, ku ba ku zuba komai, don haka Malam ya ce babu caca a ciki. Ya dai tuna min cewa ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Mahaifiyarku ta yarda, 'yan'uwanku mata sun yarda. Ku biyun kuwa in za ku ƙi, sai kun zauna kun yi magana da juna tukuna, ni kuma hakan ma ya ishe ni.

Ga gasar. Wanda ya fara kwance sansa daga turke, ya jawo shi da hannunsa zuwa ƙofar gidan ɗan'uwansa, ya yi sallama, jakar tasa ce. Ba aike, ba saƙo ta bakin mata. Wannan wasan babu sa'a a cikinsa, Sagiru, ba abin da za ka kaɗa. Babu gwaninta a cikinsa, Amiru, ba abin da za ka hango. Hanyar kun san ta, igiya tana rataye, abin da ya rage shi ne wa zai iya. Mahaifiyarku ce alƙaliya, don babu abin da ke motsi a unguwar nan ba ta sani ba. Ramalan ya raɗa min yanzu cewa shi ya san wanda zai riga, har ya fara cewa ko mu sa goro, Malam ya yi gyaran murya, Ramalan ya haɗiye sauran maganar.

In kuwa kuka haɗu a hanya, kowa da sansa a hannu, to ba wanda ya riga wani. Sai a zazzage jakar a raba: karan ga Amiru, tsakuwa ga Sagiru. Duk ranar da ɗaya ya so wasa sai ya nemi ɗayan.

Afra'u ta tambaye ni yaushe za a karanta muku wannan takarda, ko sai bayan an dawo daga maƙabarta kamar yadda aka saba. Na ce a'a. Yau za a karanta, bayan la'asar, a kira ku duka. Ban taɓa tashi na bar dara a tsakiya ba, kuma ruwa ba zai jira ni ba. Gasar ta buɗe daga lokacin da aka kai ƙarshen wannan shafi.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Allah ya ba ku halal mai yalwa, ya kawar da idonku daga abin hannun juna. Na yafe muku duk abin da kuka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, ni ma ku yafe min. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe 'yan'uwanku mata, ku ci tuwon salla a kwano ɗaya a gidan nan kamar yadda kuka tashi kuna yi. Ku dinga leƙa Ramalan ran kasuwa, ku kai masa goro, wani lokacin ku bari ya ci, tsufa ya kama shi. Gidan nan amana ne a wuyanku ku biyu, ba na ɗaya ba.

Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu Manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa.

Afra'u, ajiye alƙalamin ki zo ki kama min. A jawo tabarmar nan zuwa zaure, a juya ta ta fuskanci hanya. Idona ya rage gani, amma na san kukan Fari, na san na Wake, kuma in ɗaya ya hango ɗaya ba sa yin shiru.